Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mawaƙan Hip-Hop Masu Cin Gashin Kansu

Assalamu alaikum, ƙannenmu maza da mata.

Mu da muka rubuto muku wannan takarda ma'aikatan bayan fage ne: masu haɗa kiɗa, masu gyaran sauti, da masu bin sawun kuɗin waƙa a rumbunan rajista. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami magana ce guda da ta zama ado a bakinku, wato “ni ba ni da kamfani, da ƙafata nake tsaye.” Madalla da wannan. Sai dai duk ranar da mawaƙi ya ce ba shi da kamfani, ayyukan kamfanin ba sa ɓacewa, kansa suke dawowa. Shi ne lauya, shi ne akawu, shi ne mai ajiyar faifai, shi ne mai karɓo bashi. Yawancinku kun ƙware a baiti da jera ƙafiya, wasu ma sun wuce magabatansu, amma takardun da ke tabbatar da cewa waƙar tasu ce ba su taɓa riƙe su a hannu ba. A nan ake yi muku sakiyar da ba ruwa, kuma a kan wannan za mu yi magana.

Cin gashin kai tsohon abu ne a wannan sana'a. Shagalin da DJ Kool Herc ya yi ranar 11 ga Agusta 1973 a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick, unguwar Bronx a birnin New York, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin hip-hop, babu wani kamfani a bayansa. Too Short ya fara ne da sayar da kaset hannu da hannu a Oakland farkon shekarun 1980. Master P ya ƙulla yarjejeniyar rarrabawa da kamfanin Priority amma ya riƙe mallakar ɗaukar waƙoƙin No Limit a hannunsa. Chance the Rapper ya ci kyautar Grammy uku a 2017 ba tare da ya sa hannu da wani kamfanin faifai ba. Kuna yawan ambaton waɗannan sunaye, amma ɓangaren labarin da kuke tsallakewa shi ne kowannensu ya san abin da ya mallaka da abin da ya bayar haya.

Mu fara daga kiɗa, tunda daga nan yawancin rigima take tasowa. Idan ka shiga kasuwar kiɗa ta intanet irin BeatStars ka biya, a mafi yawan lokuta haya ka karɓa. Mai kiɗan yana da damar ya ba mutum hamsin ko ɗari hayar wannan kiɗan, kowa ya hau da nasa baitin. Takardar da ke zuwa tare da fayil ɗin, wadda kusan babu mai buɗe ta, ita ce ke faɗin iyakarka: sau nawa za a iya sauraron waƙar kafin izinin ya ƙare, shekara nawa hayar za ta yi, bidiyo nawa aka yarda ka yi, ko an yarje maka kai ta rediyo, da kason da mai kiɗa yake da shi a rubutun waƙar, wanda galibi rabi ne. Matsalar ba ta bayyana sai waƙar ta karɓu. Ka wuce adadin sauraron da aka yanka maka, ka koma neman sabuntawa, sai ka tarar wani ya riga ya saye kiɗan ɗungurungum, mai kiɗa kuma ba shi da ikon sake ba ka. Takardun kirki suna cewa hayar da aka bayar kafin sayen tana nan har wa'adinta ya cika, amma bayan wa'adin sai yadda sabon mai shi ya ga dama. Saboda haka duk waƙar da ka ga ta fara motsi, ka nemi mai kiɗan a makon, tun farashin bai san waƙar ta tashi ba.

Ko sayen ɗungurungum ɗin ma a karanta shi da kyau. Sau da yawa ma'anarsa kawai an daina ba wasu haya daga yau; waɗanda suka riga suka karɓa suna nan da waƙoƙinsu, kuma mai kiɗa bai saki kasonsa na rubutu ba. Ku tambaya a rubuce: mutum nawa aka ba haya kafin ni? Akwai yankin waƙar wani a ciki? Za a ba ni kiɗan a rarrabe, ganga daban, bes daban, fiyano daban? Sannan kada wanda ya hau kiɗan haya ya kuskura ya sa waƙarsa a Content ID, tsarin da YouTube ke amfani da shi wajen gano sautin wani a cikin bidiyoyi. Tsarin yana sauraron sauti ne, bai san wane ne ya biya wa ba. Da zarar ka sa, zai bi duk sauran mutanen da suka hau kiɗan ya ɗora musu ƙorafi, har da bidiyon mai kiɗan kansa. Ƙa'idar YouTube ta ce sai wanda ya mallaki sauti shi kaɗai zai yi rajistarsa a wurin, kuma kamfanonin rarrabawa suna rufe asusu a kan wannan.

Sai tsakure, wato yanko wani ɓangare na tsohuwar waƙa a gina sabon kiɗa a kansa. Da shi aka gina hip-hop, ba mai musun haka. Amma akwai wata tatsuniya da ke yawo a situdiyo cewa idan tsakuren bai wuce daƙiƙa shida ko bakwai ba, babu laifi. Babu dokar da ta faɗi haka. A 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda tsakuren waƙar Gilbert O'Sullivan da ya yi ba da izini ba, aka janye kundin daga kasuwa, kuma daga ranar salon aikin kamfanoni ya canza. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce ko tsakuren daƙiƙa biyu sai da lasisi. Wata kotun ta saɓa mata a 2016, amma wanda ba shi da kuɗin lauya ba ya gina sana'arsa a kan saɓanin alƙalai. Izinin kuma biyu ne, ɗaya daga mai ɗaukar sautin, ɗaya daga mai rubutun waƙar, kuma kowannensu yana iya cewa a'a ba tare da ya ba da dalili ba. Idan ka sa makaɗi ya sake kaɗa waƙar da hannunsa, ka tsira daga na farko, na biyun yana nan. Ku dubi De La Soul: kundinsu na farko ya fito a 1989, amma saboda rikicin kwantiragi da tsakuren da ba a warware ba, kundayensu shida na farko ba su hau manhajojin sauraro ba sai 3 ga Maris 2023, makonni kaɗan bayan rasuwar ɗaya daga cikinsu. Kiɗan da Lil Nas X ya saya a intanet, wanda waƙarsa ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019, akwai tsakuren Nine Inch Nails a ciki, dole aka sa sunayen mutanen ƙungiyar cikin marubutan waƙar.

Abin da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne kowace waƙa dukiya biyu ce a haɗe. Akwai rubutun, wato kalmomi da karin da kiɗan da aka tsara. Akwai kuma ɗaukar da aka yi a situdiyo, wadda ake kira masta. Kowacce da masu ita, kowacce da hanyar da kuɗinta ke bi. Mawaƙin da ya fahimci wannan ya gama rabin karatun.

Takardar rabo ita ce abu mafi arha da zai cece ku, kuma ita ce kuka fi ƙyama, wai kada a ce ba ka yarda da abokinka ba. Shafi ɗaya ce. A rubuta sunan waƙa, ranar da aka yi ta, cikakken sunan kowa na gaskiya kamar yadda yake a katin shaida tare da sunan fage, abin da kowa ya yi, kason kowa a rubutu, ƙungiyar da ke karɓo masa kuɗin rubutu da lambarsa ta IPI, wato lambar shaidarsa ta marubucin waƙa, sannan kowa ya sa hannu. Kason ya tashi 100 cif, ba 99 ba, ba 110 ba, domin idan bayanan da mutum biyu suka shigar suka ci karo, ƙungiyoyin sukan riƙe kuɗin waƙar har sai kun daidaita. Misali, mai kiɗa 50, mai baiti biyu 35, wanda ya rubuta amshi 15. Babu dokar da ta tsayar da wannan rabon, yarjejeniyarku ce, amma a yi ta a daren da aka gama ɗauka, kafin kowa ya tashi. A daren kowa mai sauƙin kai ne saboda waƙar ba ta kawo ko sisi ba. Bayan wata shida, idan ta fashe, wanda ya gyara kalma biyu zai tuna cewa shi ne ya kawo amshin. A ƙasan takardar a ƙara layi kan masta: wa ya mallake ta, shin baƙon da ya hau baiti an biya shi an sallame shi ko yana da kaso, kuma mai situdiyo ya amince cewa kuɗin aiki ya karɓa ba shi da haƙƙi a ɗaukar. Baƙon kuma idan yana ƙarƙashin wani kamfani, sai kamfanin ya ba da izini a rubuce, in ba haka ba suna iya sa a sauke waƙar ranar da ta fito.

Kan ɗauka ba za mu cika ku da surutu ba, amma akwai kurakuran da babu mai gyaran sautin da zai iya warkar da su daga baya. Ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Makirufo mai tsada a ɗaki mai bango huɗu tsirara yana ɗaukar amon ɗakin ne da kyau, shi ke nan. Katan ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare komai. Bargo mai kauri a bayan mai waƙa, katifa a kusurwa, da nisantar tsakiyar ɗaki sun fi shi aiki. Tsakanin baki da makirufo a bar kamar santimita 15 zuwa 20, da ragar tare iska a tsakani, saboda harafin “b” da “f” suna harba iska da ke bugun makirufo kamar an daki ƙofa. Ku ɗauka a 24-bit, a 44.1 ko 48 kHz, ku saita ƙarfin shiga yadda wurin da kuka fi ɗaga murya zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB. Idan mitar ta taɓa sifili ta yi ja, muryar ta tsage, kuma tsagewar ta zauna har abada. Abin kunne ya zama rufaffe, kada kiɗa ya zubo cikin makirufo. In kana jin muryarka tana makara a kunne, rage ma'ajin jinkiri na manhajar, wato “buffer”, zuwa 128 ko 64 lokacin ɗauka, ka mayar da shi sama lokacin haɗawa.

Wani abu da ya shafi rubutu kansa. Baiti mai layi 16 a kan kiɗa mai bugu 90 a minti yana cin daƙiƙa 43 ko kusa da haka. Idan ka cusa kalmomi ba ka bar wurin numfashi ba, a situdiyo za a rufa maka asiri, a ɗauka layi biyu biyu a ɗinke. A kan dandamali babu ɗinki. Ku rubuta numfashin a cikin baitin tun a takarda, ku sa alama a inda za a shaƙa, kuma kada ku kai waƙa situdiyo sai kun iya yin ta daga farko zuwa ƙarshe a tsaye.

Wajen haɗawa, kiɗan MP3 da aka riga aka matse shi har wuya ba ya barin wa murya wurin zama, shi ya sa muka ce ku nemi kiɗan a rarrabe. Bes ɗin 808, wato sautin ƙasa mai zurfin nan da ke girgiza situdiyo, yakan ɓace gaba ɗaya a lasifikar waya, domin wayar ba ta iya fitar da sauti mai zurfin nan. Maganinsa a ɗan ƙona shi kaɗan, wato a sa masa ɗan kaushin sauti, yadda zai haifar da amo a sama da kunne zai kama. Gasar ƙara kuma ta zama aikin banza, tunda Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, wanda ya fi haka ƙara a rage shi. Ka matse waƙarka ta rasa numfashi, a ƙarshe a mayar da ita daidai da ta kowa. Kafin ku bar situdiyo ku karɓi fayil huɗu na WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba: cikakkiyar waƙa, wadda aka tsabtace daga zagi, kiɗa zalla, da ta dandamali wadda aka cire babbar murya aka bar amshi.

Yanzu rarrabawa. DistroKid, TuneCore, CD Baby, UnitedMasters da ire-irensu dillalai ne, suna kai waƙarka Spotify, Apple Music, Audiomack, Boomplay da sauransu, su karɓo kuɗin masta. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kaso suke cira. Na kuɗin shekara, ku bincika abin da zai faru idan katinku ya ƙi biya, domin a wasu waƙoƙin sauka suke yi. Asusun kuma ya kasance da imel ɗinka da lambar wayarka. Wannan ita ce ɓarakar da ta fi kowacce cin mutane: aboki ko manaja ya ce “kawo in ɗora maka,” ya ɗora a asusunsa, bayan shekara biyu ku ɓata, kuma a idon dillali shi ne mai waƙar. Kowace ɗauka tana samun lambar shaida mai gurbi 12 da ake kira ISRC, kowane kundi kuma yana samun tasa da ake kira UPC. Ku rubuta su a littafi. Ranar da za ku canza dillali, ku ɗora fayil ɗin nan dai, da suna iri ɗaya da ISRC iri ɗaya, ku jira sabuwar ta bayyana ta haɗe da tsohuwar, sannan ku sauke tsohuwar. Wanda ya fara da saukewa, ko ya karɓi sabuwar lamba, adadin sauraronsa na iya komawa sifili. Sunan fage a rubuta shi iri ɗaya kullum, harafi da harafi, kuma kafin ka zaɓe shi ka bincika ko wani ya riga ka, don kada waƙarka ta faɗa shafin wani. Hoton bango murabba'i, pixel 3000 a 3000, ba tambarin kamfanin wani, ba hoton da ba naka ba. Ku miƙa waƙa mako uku zuwa huɗu kafin ranar fita. Spotify for Artists yana ba da damar gabatar da waƙa ɗaya da ba ta fito ba ga masu tsara jerin waƙoƙinsa, kuma yana son a yi haka aƙalla kwana 7 kafin fita. Mai ɗorawa daren Alhamis don ta fito Juma'a ya zubar da wannan damar da hannunsa.

Kuna yawan tambaya nawa ake biya kan sauraro ɗaya. Babu tsayayyen farashi. Manhajar tana tara kuɗin da ta samu a wata ƙasa cikin wata guda, daga masu biyan kuɗin wata da kuma talla, ta ware wajen kashi biyu cikin uku na masu haƙƙi, sannan ta raba bisa kason kowa a jimillar sauraron. Don haka sauraro dubu daga ƙasar da kuɗin wata ke da tsada ya fi dubu daga inda yawanci kyauta suke ji. Ba a ƙirga sauraro a Spotify sai ya kai daƙiƙa 30, abin da ya sa gabatarwa mai tsawo kafin murya ta shigo take cutar da sabon mawaƙi. Tun Afrilu 2024 kuma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan kuɗin masta a kanta. Wanda ke zubo waƙa talatin a shekara kowacce da sauraro ɗari uku, sai ya sake lissafi. Kuɗin kan iso bayan wata biyu zuwa uku. Idan dillalinka a Amurka yake, akwai fam ɗin haraji mai suna W-8BEN ga wanda ba ɗan ƙasar ba. Ana iya cire har kashi 30 daga kuɗin da ya fito daga can, sai dai in ƙasarka tana da yarjejeniyar haraji da su da ta rage shi.

Duk wannan kuɗin masta ne kawai. Na rubutu dillali ba ya karɓo maka shi sai in ka shiga wani tsari na daban. Dole ka shiga ƙungiyar karɓar haƙƙin marubuta, irin ASCAP ko BMI a Amurka, PRS a Ingila, SACEM a Faransa, SAMRO a Afirka ta Kudu, ko takwararsu a ƙasarka, ka yi rajistar kowace waƙa da kason da ke takardar rabo. Ƙungiya ɗaya ake shiga a kan haƙƙi ɗaya, su ne ke karɓo wa juna ta yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Don ku san girman abin da ake bari a ƙasa: a Fabrairu 2021 manhajojin sauraro sun miƙa wa MLC, hukumar Amurka da ke karɓar kuɗin marubuta waƙa daga manhajoji, sama da dala miliyan 424 na kuɗin rubutu da aka kasa gano masu shi. Akwai kuma SoundExchange, mai karɓar kuɗin rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam a Amurka, wadda ke raba kashi 50 ga mai masta, 45 ga mawaƙin da sunansa ke kan waƙar, 5 ga 'yan amshi da makaɗa. Mai cin gashin kansa yakan cancanci 95, amma sai ya yi rajista a matsayin biyun.

Masu turo muku saƙo cewa za su kawo sauraro dubu hamsin cikin mako, injuna suke sayar muku. Ana gane su cikin sauƙi: sauraro ya yi tsalle a rana ɗaya daga garin da ba ka da masoyi ko ɗaya, babu mai ajiye waƙar, babu sabon mabiyi. Manhaja tana soke adadin, tana riƙe kuɗin, tana cin dillali tara, dillali kuma ya juyo kanka ko ya rufe asusun da duk waƙoƙinka. Ko ba a kama ka ba, ka ɓata bayanan da manhajar ke amfani da su wajen gane irin mutanen da za ta kai wa waƙarka. Lambobin waya ko imel na mutum ɗari biyar da suka taɓa biyan kuɗi don su gan ka sun fi wannan nesa ba kusa ba, kuma su ne kaɗai jerin da babu manhajar da za ta iya ƙwace maka.

A wajen yawancinku dandamali ne zai ciyar da ku kafin manhaja ta fara. Kada ku tashi daga gida sai an rubuta kuɗi nawa, minti nawa, ƙarfe nawa, wa zai ɗauki nauyin tafiya da masauki, da abin da zai faru in an soke taron. Rabi kafin rana, sauran kafin a hau, domin mai shirya taro bayan an watse wayarsa a kashe take. In rabon kuɗin ƙofa ne, ka tsayar da mutuminka a ƙofar yana ƙirga. Kiɗan dandamali a filas biyu, da kwafi a waya da igiyarta. Ku je gwajin sauti ko da ku ne na farkon hawa. Ku daina dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Mun san yana kyau a hoto, amma yana toshe ramukan da ke sa makirufo ya ƙi sautin baya, sai murya ta dushe, lasifika ta fara kuka. Hawa kan cikakkiyar waƙa kana ihu a saman muryarka kuma, masu sauraro sun gane, kuma ba sa biya sau biyu. Bayan taro ku aika wa ƙungiyar haƙƙinku jerin waƙoƙin da kuka yi, domin da yawansu suna biyan marubuci kan wasan dandamali.

Idan abu ya fara kyau, manaja zai zo, kamfani zai biyo. Manaja yakan ɗauki kashi 15 zuwa 20, kuma daga abin da ya shigo yake ci, ba ya karɓar kuɗi a hannunka tun kafin ya kawo komai. A rubuta ko kasonsa daga jimillar kuɗi ne ko bayan an cire ɗawainiya, da shekarun da zai ci gaba da karɓa bayan kun rabu, yana raguwa har ya ƙare. Chance ɗin nan da kuke misali da shi, tsohon manajansa ya kai shi kotu a 2020, kuma tushen rigimar yarjejeniya ce ta baka da ba a taɓa rubutawa ba.

Kuɗin da kamfani ke bayarwa da farko kafin alƙalami ne, daga kasonka za a cire shi. Ga lissafin da ba a yi muku a teburin. A ce an ba ka 100, kasonka kashi 20 ne. Kafin ka sake ganin ko kwabo sai waƙoƙin sun kawo 500, domin daga kashi 20 ɗinka kawai ake biyan bashin. A lokacin da kai ka dawo sifili, kamfani ya mayar da 100 ɗinsa ya kuma riƙe 400. In an ɗora kuɗin bidiyo da talla a kan bashin, layin ya ƙara nisa. Wannan ba ya nufin kowace yarjejeniya cuta ce. Kamfani na iya kai waƙa inda kai ba za ka kai ta ba cikin shekara goma. Amma ku nemi amsar tambayoyin nan a cikin takardar kanta: mastar sayarwa ce ko haya, in haya ce shekara nawa za ta dawo, kundi nawa aka ɗaure ka da su, kuma wa ke da zaɓin ƙarawa, shin bashin kundi ɗaya ana cire shi daga ribar wani, suna da kaso a wasanninka da kayan da kake sayarwa, kana da ikon turo akawu ya duba littafinsu, in sun ƙi fitar da kundin cikin wa'adi, kana iya tafiya da shi. Lauyan da zai karanta maka kada ya zama wanda kamfanin ya kawo, komai kirkinsa.

Saura ajiya. A 2019 MySpace ya sanar cewa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya rumbu, kuma mawaƙa da yawa ba su da wani kwafin. Kowace waƙa a ajiye ta wuri uku, biyu a na'urori daban-daban, ɗaya a wani wuri da ba gidanka ba. Kada ku dogara da fayil ɗin manhajar haɗa kiɗa kaɗai, domin bayan shekara biyar yana iya ƙin buɗewa. Ku fitar da kowane layin sauti a WAV, duka su fara daga wuri guda, wato farkon waƙar. A cikin jakar ku sa hoton takardar rabo, lasisin kiɗa, rasit, da lambobin ISRC. Yarjejeniyar Berne ta sa haƙƙin rubutu yana rayuwa aƙalla shekara 50 bayan mutuwar marubuci, a ƙasashe da yawa 70, wato waƙoƙin nan gado ne da za a raba. Ku rubuta sunayen dillalanku, ƙungiyoyin da kuke ciki, da yadda ake shiga kowane asusu, ku rufe a ambulan, ku ba wa mutum ɗaya a cikin iyalinku da kuka amince da shi, ku riƙa sabunta shi duk lokacin da kuka canza kalmar sirri.

Wassalam.

Yayyenku a sana'a,
masu haɗa kiɗa, masu gyaran sauti da masu bibiyar haƙƙin waƙa.